Garantin da Ya Kawo Mini Sanyi a Watan Disamba

Mu mutanen Tasawa ba mu raina zafi, shi ma bai raina mu. Daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan fari, ma'aunin zafi yakan haye 40 tun kafin azahar, kuma ba ya saukowa sai ya ga dama. Ko Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya yada zango a garinmu a 1851, cikin Janairu ya zo. Da a Afrilu ya iso, da littafinsa bai yi kaurin da ya yi ba. Saboda haka da na kwashi adashe, na haɗa da kuɗin ƴan buhunan wake, na nufi Maraɗi sayen mota ana gab da azumin 2024, sharaɗina ɗaya ne tak: ta kasance mai kilim, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira esi.

Alhaji mai motoci ya nuna mini wata ƴar Japan da ta gama yi wa wani Bature bauta a Beljiyam, ta zo ƙarasa tsufanta a hannuna. Ya tada ta, ya murɗa maɓalli, sanyi ya daki fuskata.

"Mushe," in ji shi, "wannan kilim ɗin, in ka yi sake, mura zai sa maka."

Na gwada gilasai. Na baya duk biyun sun ƙi motsi, na gefen fasinja kuwa ya sauka faɗin yatsa huɗu ya cije. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Mushe! Mai kilim me zai yi da gilashi? Ƙura kake marmari?"

Sai maganar garanti. Wanda kamfani ke bayarwa a sabuwar mota yawanci na shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, kuma tawa ta wuce duka biyun tun ina da sauran baƙin gashi. Amma Alhaji yana da nasa na gida: takarda da Faransanci, hatimi shuɗi har biyu, wata 6, inji da kilim. Na ninke ta, na sa a leda, na adana tare da takardun mota.

Azumin nan na ga gata. Mutanen da shekara da shekaru ba mu wuce gaisuwa ba suka tuna muna da zumunci. Maƙwabcina ya tsiri zuwa bayan azahar, wai yana son jin labaran duniya a rediyon mota, alhali yana da rediyo biyu a ɗaki. Yakan kwantar da kujera, ya rufe ido, duniya ta yi ta labarinta shi yana minshari.

Bayan ƙaramar salla aka sa ɗaurin auren ƙanwar uwargida a wani ƙauye cikin karkarar Kanambakashe, ƙasar Mayahi. Surukina ya shiga gaba, da rawani da babbar riga ta shadda wadda ta sha bugu. A baya uwargida ce da gwaggonta da wata tsohuwa da ban san daga inda ta ɓullo ba. Gwaggo tana rungume da kwanon man shanu, gudummawarta ga amarya, an dunƙule shi curi-curi an jera.

Mun bar kwalta ke nan, mun shiga rairayi tsakanin kaba da goriba na Gulbin Kaba, sai na ji kilim ya yi ajiyar zuciya. Na ƙara masa lamba. Ya ƙaro huci. Na kashe, na kunna, na ɗan daki allon gaba da tafin hannu a asirce. Kowa ya san tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya. Ba na iya cewa abin ya lalace, shi ma ba ya iya cewa yana cin wuya. Muka yi ta tafiya kowa na kallon gabansa, gumi na bin gemunsa yana ɗiga a kan aikin wuyan riga.

Can ya yi gyaran murya. "Malam, wannan hucin daga ina yake fitowa?"

"Baba, hutawa yake yi. Yanzu zai dawo."

Ta madubi nake kallon kwanon Gwaggo. Curin man ya fara sheƙi, sannan ya zauna, sannan ya haɗe da ɗan'uwansa. Kafin mu wuce gona biyu, abin da ke cikin kwano ya zama ruwa rawaya mai kai da kawowa. Muka faɗa wani rami, sai rabinsa ya tashi ya sauka a kafaɗar shaddar Baba. Motar ta cika da ƙamshin miyar biki.

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "buɗe mana taga. Mu ba gujiya ba ce da za a soya."

Na tuna dariyar Alhaji. Haka muka ƙarasa, uwargida riƙe da ƙofa ɗaya a buɗe, tsohuwar nan riƙe da ɗaya, ƙura na shiga ta dama tana fita ta hagu. Wani mai amalanke da muka wuce ya bi mu da kallon tausayi. Da aka shafa fatiha aka watse, Baba ya aiko yaro ya gaya mini kada in jira shi. Daga baya na hango shi a bayan motar ƴan kasuwa, bisa buhunan hatsi, rawani na kaɗawa, fuskarsa cike da kwanciyar hankali.

Na ciro takardata na kama hanyar Maraɗi. Daga Tasawa tafiyar ta haura kilomita 100: Gazawa, Agye, Cadawa, ga shingen jandarma, ga kuɗin hanya, ga mai. Alhaji ya tarbe ni hannu biyu. "Ba matsala, Mushe. Garanti na nan daram." Ya haɗa ni da yaro zuwa garejin makanikinsa. Makanikin bai ko sunkuya ba, ya sa hannu a bakin iska ya yanke hukunci: "Gaz ne ya ƙare." Aka jawo tukunya, aka ɗura, sanyi ya dawo. Na juya zan tafi, sai ya miƙo hannu. Na nuna masa hatimi biyu. Ya ce garanti na kilim ne, gaz kuwa abin sha ne, kowa ke sayen nasa. Na biya.

Sanyin ya raka ni har Cadawa, ya yi mini sallama. Na koma. Aka sake ɗurawa, aka ɗaure wani kusa, wannan karon ya kai ni Agye. Daga nan na daina tambayar ko an gyara, in na iso gida uwargida takan ce, "Yau a wane gari ya mutu?" Ranar da ya kai Gazawa har maƙwabta suka shigo yi mini barka.

Da na fara ɗaga murya, sai yarinyar da ke riƙe wa Alhaji takardu ta juya garantin ta nuna mini bayansa. Ashe akwai rubutu ƙanana-ƙanana. Garanti bai shafi ɓarnar ƙura ba. Bai shafi hanyar da ba kwalta ba. Bai shafi ruwa ba. Kuma in wani makaniki daban ya taɓa motar, ya faɗi. A taƙaice, garantin na motar da ke kulle cikin ɗaki ne a Beljiyam.

"Baba, kun bi hanyar ƙauye da ita?" in ji ta.

"Ƴata, gidan surukaina ba a bakin kwalta yake ba, kuma ban ga inda takardar ta ce in saki matata ba."

Alhaji ya jiyo mu ya fito. Gaskiya mutumin yana da kara. Ya kira makaniki, suka yi ƙus-ƙus, aka fito da sabon hukunci: kwampiresa ce ta mutu, kuma shi zai kawo sabuwa da kuɗinsa. Na ce to, tunda an sake buɗe iyakar Najeriya a watan Maris, a aika ta Ɗan Isa a sayo a Ƙofar Ruwa ta Kano, kwana biyu an gama. Ya dafa ƙirji. "Mushe, mutum kamarka? Daga Turai za ta zo, cikin kwalinta."

Wanda bai san yadda kaya ke zuwa daga Turai a lokacin ba, bari in gaya masa. Da, daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke hawowa, su ƙetare gada a Malanbil, su shigo ta Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar Benin, sai kaya suka koma sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Ta wayar Alhaji na san wannan hanya zango-zango. "Tana Lome." "Ta bar Lome." "Tana Wagadugu." "Tana jiran ayari." Ruwa ya faɗi, aka yi shuka, aka yi noman fari. "Ruwa ya yanke hanya." Wannan kam gaskiya ne, daminar 2024 kowa ya ga abin da ta yi. Gero ya nuna, aka yi girbi, aka ɗaure dammuna. "Tana Yamai, hannun ƴan duwan." Wata shidan garanti suka cika a Satumba, amma Alhaji ya ce maganarsa ta fi takarda.

Ta iso a Disamba. Ranar hazo ya rufe gari, iskar hunturu na tsaga leɓe, masu shayi sun kewaye wuta. Na isa gareji da rigar sanyi biyu da hula mai rufe kunne. Aka ɗaura kwampiresa, aka ɗura gaz, wanda na sake biya, makaniki ya kunna ya dube ni.

"Patron, ka ji sanyi?"

Na ji mana. Tun daga Tasawa nake jin sa. Aka kawo takarda na sa hannu cewa na gamsu. Da yake hakkina ne, na ƙi kashe shi a hanya. Na iso gida haƙora na kaɗawa, na kwanta da mura mai zazzaɓi. Alkawarin Alhaji na ranar farko dai ya cika.

Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, zafi ya fara leƙowa, na murɗa maɓalli. Huci. Amma yanzu garanti ya mutu, na zama ɗa mai ƴanci, kowa na iya taɓa motata. Na kai ta wajen wani dattijo a nan Tasawa, mai gyara wa masu sayar da ƙanƙara firji. Bai tambayi takarda ba. Garin sabulu ya tambaya, da ruwa a gwangwani, da tsohon buroshin haƙori.

"Malam, wa ya ce maka gaz yana ƙarewa?" Yana kaɗa kumfa yana bayani. Gaz ɗin kilim a rufe yake, zagaye kawai yake yi. Kwampiresa ta matse shi, ya bi ta kwandansa da ke gaban lagireto ya zubar da zafinsa, ya kutsa ta wata ƴar ƙaramar kafa, ya shiga wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan allon gaban direba, ya tsotse zafin cikin mota, ya koma inda ya fito. In ya ragu, to, akwai inda yake yoyo. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in ji shi. Laifin mai ɗurawa ne da bai duba ba.

Ya sa wa bututun matsi, ya bi kowane haɗi yana shafa kumfa. Shiru. Ya cire ragar gaban mota, sai ga fuskar kwandansa toshe da ƙarangiya, da busassun fara, da gashin zabo. Ya share, ya shafa kumfa a kusurwar ƙasa ta hagu. Wani ɗan ƙwai na kumfa ya taso, ya kumbura, ya fashe. Wani ya taso a gurbinsa. Ƴar huda ce da ba ta kai kan allura ba, tsakuwa ta yi ta. Abin da ya kai ni Maraɗi ya dawo da ni ke nan, abin da ya sa aka taso ƙarfe tun daga Turai.

"To, tsohuwar kwampiresa fa, Baba?"

"Wa ya ce ba ta da lafiya?"

Tana nan a gida, uwargida na tokare ƙofar madafa da ita.

Ya aika tasha aka kawo masa kwandansa ta hannu daga Maraɗi. Kafin ya ɗura komai sai da ya zuƙe iska da danshin da ke cikin bututun da injinsa, ya jira ya ga allurar ma'auni ba ta motsa ba. Ya nuna mini wata ƴar takarda manne a ƙarƙashin murfin inji, mai ɗauke da sunan gaz ɗin motar, R134a, da nauyin giram ɗin da take ci. Ya ce wanda ya gabace shi, R12, an daina shi ne bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, sababbin motocin Turai kuwa tun 2017 wani ake sa musu, R1234yf, mai ɗan karen tsada, kuma suna nan tafe gare mu in sun tsufa. Ya gargaɗe ni da masu ɗura wa mota gaz ɗin girki don araha: yana sanyi, amma yana kama wuta. Da ya gama ya gyara gilasan baya. Duk abin da na biya shi bai kai kuɗin man da na ƙona tsakanin Tasawa da Maraɗi ba.

Kilim yana aiki har yau. Maƙwabcina ya dawo sauraron labarai. Baba dai ya ce ya gode, in tafiya ta kama zai bi ƴan kasuwa.

Kai mai shirin sayen ta hannu, ga abin da zan gaya maka kyauta. Fara gwada gilasai kafin kilim. Juya takardar garanti ka karanta bayanta kafin gabanta, ka sa a rubuta gaz da ladan aiki da ranar da za a gama gyara. Duk wanda ya ce maka gaz ya ƙare, ka ce ya nuna maka ta inda ya fita. Wanda kuwa ya gyara maka kilim cikin ɗari, ka gaya masa sa hannu sai Afrilu.