Yadda Ake Zaɓar Bargon Gashin Agwagwa Kafin Sanyin Turai Ya Yi Sallama

Duk wanda ya samu gurbin karatu ko aiki a Ingila, Jamus, Rasha ko Kanada, 'yan'uwa sukan haɗa masa guzuri iri biyu: yaji da nasiha. Yajin zai yi rana. Nasihar kuwa, in ta zo kan sanyi, kusan guda ce: "Ka tafi da bargo mai nauyi." Sai a shiga Kantin Kwari a zaɓo wanda sai mutum biyu sun kama, mai hoton damisa a tsakiya, a danna shi cikin jaka, a biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi. Bargon nan ya yi wa hunturun Kano hidima, kuma ya cancanci yabo. Amma a tsohon gidan bulo a Manchesta, cikin watan Janairu, bayan an kashe hita da dare saboda tsadar gas, damisar da ke jikinsa ita ma mafaka za ta nema.

Mutanen ƙasashen sanyi sun daɗe da samo mafita a jikin agwagwa da dinya. Suna cusa lallausan gashinsu cikin yadi su ɗinke, su lulluɓa da shi su yi barci har da munshari. Sai dai kasuwar wannan bargo cike take da na gari da na bogi, kuma duk fari ne, duk a kumbure. Ga matakan da za su raba ka da zaɓen tumun dare.

Mataki na ɗaya: ka sallami sikeli

Mun taso muna auna bargo da nauyinsa. In ka ɗaga ka ji kafaɗa ta amsa, sai ka ce wa mai shago ya naɗe. A nan wannan hukunci ba ya aiki. Bargo ba ya haifar da zafi ko kaɗan. Jikinka ne murhun, aikin bargo kawai ya tsare ɗumin kada ya gudu. Abin da ya fi iya tsare ɗumi kuwa shi ne iskar da aka kulle wuri ɗaya ta kasa yawo. Lallausan gashin tsuntsun ruwa yana kama iska mai yawa a tsakanin zarurrukansa, shi ya sa agwagwa ke wanka a tafki mai sanyin ƙanƙara tana wasanta. Saboda haka bargo na ƙwarai yakan zo da kauri a ido da rashin nauyi a hannu. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, kada ka harari mai shago, ba a cuce ka ba. Kuɗin iska ka zo biya, kuma iskar ce za ta kwana tana gadinka.

Mataki na biyu: ka san gashi biyu ne

Tsuntsu yana da gashin waje, mai tsinke a tsakiya, wanda ke kare shi daga ruwa. A ƙarƙashinsa, wajen ƙirji da ciki, akwai wani lallausan gashi marar tsinke, wanda in ka ɗora shi a tafin hannu za ka ce audugar rimi ce. Wannan na biyun shi ne mai ɗumi, shi ne mai tsada, shi ka zo nema.

Masu ɗinki sukan gauraya su, don haka ka nemi 'yar takardar da aka ɗinka a gefen bargon ka karanta ta da natsuwa. Idan ka ga 90/10, kashi 90 lallausa ne, kashi 10 mai tsinke; wannan na gaba-gaba ne. 80/20 ma ba ya ba da kunya. Ka kuma lura da sunan da aka rubuta a kwali, domin abin da aka fara ambata shi ya fi yawa a ciki. A shagunan Ingila, bargon da sunansa ya fara da gashi mai tsinke sau da yawa kashi 85 tsinke ne, kashi 15 kacal lallausa. Yana da araha, yana da nauyi, kuma yana da ɗabi'ar leƙo da tsinke ɗaya da ƙarfe biyun dare ya tsikare ka a wuya. Za ka tashi kana neman sauro a ƙasar da sauro ya tafi hutu. Araha ba ta ado.

Mataki na uku: ka yi abota da lambobi

Lamba ta farko ita ce ta kumbura, wadda aka fi gani a Amurka da Kanada. Ana ɗibar oza ɗaya ta gashin, wato kimanin giram 28, a zuba a wani bututun awo a ga yawan wurin da ta cike. Gashin da ya fi kumbura ya fi kama iska. Daga 400 zuwa 500 na talaka ne mai rufin asiri. Daga 600 zuwa 700 ya kai a yi masa barka. Daga 750 zuwa sama kuwa sai dai a gyara zama kafin a tambayi farashi. Wannan lamba ingancin gashin take nunawa; yawan gashin da aka cusa, wanda ake rubutawa da giram ko oza, shi ma yana da nasa tasirin. Gashi mai lamba 800 da aka yi wa rowa a wajen cusawa ba zai kai mai 600 da aka cusa da hannun kyauta ba. Ka duba duka biyun.

A Ingila kuwa sun sauƙaƙa wa mutane da ma'aunin tog, wanda ke faɗin ɗumin bargon kai tsaye. Tog 4.5 na bazararsu ne, 10.5 na tsaka-tsakin lokaci, 13.5 na tsakiyar hunturu. Akwai kuma mai haɗin biyu: ɗaya 4.5, ɗaya 9, kowanne a yi amfani da shi shi kaɗai, in sanyi ya kai intaha a haɗe su tare su zama 13.5. Ga ɗalibin da zai shekara uku a ɗaki ɗaya, wannan dabara ce mai kyau.

Kafin ka zaɓi lamba, ka tambayi ɗakinka, domin a ɗaki za ka kwana. A Mosko da Winifeg sanyin waje kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifiri, amma gidajen a ɗumame suke dare da rana, har wasu kan buɗe taga. Wanda ya sayi bargo mafi ɗumi saboda tsoron labarin ƙanƙara zai farka cikin gumi yana fifita da littafin darasi. Gidajen haya na ɗalibai a Ingila su ne suka fi buƙatar 13.5, duk da cewa sanyin wajensu bai kama ƙafar na Rasha ba.

Mataki na huɗu: ka binciki ɗinki

Gashi ɗan yawo ne. In ba a killace shi ba, cikin mako guda zai tattara ya koma wajen ƙafafu, ya bar ƙirjinka da yadi zalla. Shi ya sa ake ɗinka bargon gida-gida. Ɗinkin iri biyu ne. A na farko an haɗe yadin sama da na ƙasa da zare kai tsaye, don haka duk inda layin ɗinki ya bi babu gashi, kuma ta nan sanyi ke samun ƙofa. Wannan ya isa ga bargo marar kauri na lokacin da sanyi bai tsananta ba. A na biyu an sa siririn ƙyalle a tsaye tsakanin yadin sama da na ƙasa, kowane gida ya zama akwati mai bango, gashin ya samu sararin kumbura har bakin layi. Shi ne na hunturu, kuma ya fi tsada saboda ya fi cin aiki. Ka matsa layin ɗinkin da yatsu biyu: in yatsunka suka gaisa nan take, na farkon ne.

Mataki na biyar: yadi, ido, hannu da hanci

Yadin waje ya zama auduga mai matsattsiyar saƙa, wadda zarenta ya kai wajen 230 zuwa sama a kowane murabba'in inci, don gashi ya kasa ficewa. In ya gaza haka, kullum za ka fita da farin gashi a kai, abokai su fara tambayar ko karatu ne ya sa maka furfura da wuri.

Daga nan sai gwaji uku, domin gani ya kori ji. Ka ɗaga bargon ka fuskanci haske da shi, ka ga ko kowane gida ya cika daidai. Ka dunƙule gefe ɗaya a hannu ka saki: na gari zai tashi ya koma yadda yake cikin ɗan lokaci, na bogi zai zauna a lotse yana kallonka. Sai ka kai hanci. Gashin da aka wanke da kyau kusan ba shi da wari. In ka ji ƙamshin akurki, ka ajiye ka yi gaba, domin warin zai ƙaru duk ranar da ɗaki ya yi laima, kuma babu turaren wutan da zai yi sulhu da shi.

Mataki na shida: ka tambayi asalin tsuntsun

Yawancin gashin da ke kasuwar duniya daga ƙasar Sin yake fitowa, kuma mafi yawansa na agwagwa ne. Na dinya yakan fi girman curi, shi ya sa yakan fi kumbura, kuma na Hangari da Foland sun yi suna. Amma gashin agwagwa mai kyau ya fi na dinya marar kyau. Lambar kumbura ce alƙali.

Sarkinsu duka yana Ayislan. Akwai wata agwagwar teku da ake kira aida, wadda macen ke cire gashin ƙirjinta da kanta ta shimfiɗa wa ƙwai. Manoman can suna gadin wurin sheƙunan daga dila da tsuntsaye masu ɗaukar ƙwai, sannan su tattara gashin da hannu su tsabtace shi. Sai an bi sheƙa fiye da 50 kafin a haɗa kilo ɗaya, kuma bargo guda yana cin dubban daloli. In ka gamu da shi a shago, ka shafa shi da ladabi, ka yi wa mai shago fatan alheri, ka koma layin da kuɗin makaranta ya yarda da shi.

Akwai maganar da ba ta raha ba a nan. A wasu gonaki ana fige tsuntsu da ransa, a bar shi gashi ya sake fitowa a sake figewa. Wannan azabtar da dabba ne, kuma addini da tarbiyya duk sun hana. Ka nemi tambarin RDS ko Downpass a jikin takardar. Alama ce cewa an bi diddigin gashin don tabbatar da ba a yi wa tsuntsun haka ba. Barcin da aka gina kan kukan dabba ba abin so ba ne.

Mataki na bakwai: girman bargo da zaman lafiyar gida

A Ingila na mutum ɗaya santimita 135 ne a faɗi da 200 a tsawo, na mutum biyu 200 da 200. Awon Amurka da na Jamus daban suke, don haka ka auna gadonka kafin ka fita. In kana da iyali, ka ƙara girma ɗaya a kan na gadon, saboda yaƙin jan bargo yana cikin yaƙe-yaƙen da ba a taɓa samun wanda ya amsa laifi ba. Jamusawa da mutanen Suwidin da Denmak sun kashe wannan wuta tun tuni: gado ɗaya, bargo biyu, kowa da nasa. Maigida mai jin zafi ya ɗauki marar kauri, uwargida mai jin sanyi ta ɗauki mai kauri, a wayi gari ana gaisawa da fara'a.

Mataki na takwas: ka riƙe amana

Ka saya masa riga, wato jakar yadin da ake zura shi ciki. Rigar ake wankewa a kai a kai. Shi kansa bargon sau ɗaya a shekara ma ya wadatar. Kowace safiya ka kaɗa shi ya sha iska. Ranar wanki ka kai shi babban inji, ka sa sabulu kaɗan marar ƙarfi, sannan a busar da shi da zafi kaɗan tare da ƙwallayen tanis biyu ko uku, waɗanda za su yi ta dukansa har curin gashin ya warware. Ka tabbata ya bushe har ciki, domin jiƙaƙƙen gashi ba ya ɗumi, kuma yana yin fumfuna. Idan hunturu ya wuce, ka adana shi a jakar auduga. Matse shi cikin leda wata da watanni yana karya kumburinsa. Wanda aka kula da shi haka yakan shekara goma har fiye. Mai asma ko wanda gashin tsuntsu ke tayar wa da atishawa ya fara jin ta bakin likita. Akwai masu cikin zaren roba da aka yi don irinsa.

Ga wanda ke gida

Irin waɗannan barguna suna shigowa cikin dilar gwanjo, kuma mazaunin Jos ko tsaunin Mambila zai ji daɗinsu a watan Disamba da Janairu. Gwajin haske, na hannu da na hanci duk suna aiki a gaban ɗan gwanjo, sai dai a ƙara da wanki da shanya mai kyau kafin a kai shi gado. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri kuwa ya nemi mafi rashin kauri, in ba haka ba zai biya kuɗi ya sayo wa kansa watan Afrilu a tsakiyar hunturu.

In aljihu bai kai ga na ƙoli ba, ga inda za a tsaya: lallausan gashi kashi 80, kumbura wajen 600, ɗinki mai akwati, yadin auduga, da tambarin da ke nuna ba a zalunci tsuntsu ba. A rage kuɗin takalmi na uku a cika a nan, domin kusan sulusin kowace rana a ƙarƙashinsa za a yi ta, kuma wanda ya yi barci mai kyau shi ke gane karatun safe. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.