Zauren Aji Uku

Wani abokina malamin lissafi a Misau ya je bita Azare, ya dawo da sabon ilimi: a koyar da yara ta hanyar wasa, a kuma buɗe musu zauren tattaunawa a WhatsApp. Ya buɗe. Abin da masu bitar suka manta, wayoyin na iyaye ne.

Ya tura tambaya kan lissafin kaso. Amsa ta farko gaisuwar Juma'a ce. Sai katin ɗaurin aure a Hardawa, sai cigiyar tunkiya, sai wani Alhaji da muryar minti tara kan tsadar taki. Ta kason dai har yau shiru.

Da ya gaji, ya fitar da yara gindin darbejiya, ya haƙa gurbin dara, biyar sau shida. Nan take suka gane talatin, ba data, ba caji. Ana cikin haka hedimasta ya taho fuska a murtuke.

"Malam, wannan ne aikin?"

Hedimastan ya tsaya, ya leƙa, ya tattare babbar riga ya tsuguna. "Kai yaro, matsa. Ba nan ake sa wannan ɗan ba."

Ranar ba a kaɗa ƙararrawar tashi ba sai bayan azahar.