Laftof Mai Barcin Zomo

Mai amfani da Linux a laftof mutum ne mai haƙuri, kuma sabon kanel ne ke auna haƙurin nan. Ka sabunta da dare cikin murna, gari ya waye allo baƙi ƙirin, fanka na ta juyi abinta ko a jikinta.

Kowa zai ce maka ka rubuta nomodeset a GRUB. Hoto kam zai dawo, amma direban hoton ka ba hutu, don haka bidiyo zai riƙa tafiya yana ɗingishi. Hasken allo kuwa, tun da kanel 6.1 ya fito a Disamba 2022 da sabon tsarin zaɓar mai kula da shi, wasu tsofaffin laftof suka daina gane maɓallansu. Sai ka shiga caca da acpi_backlight: native, vendor, video, wanda ya faɗa a kanka.

Barci ne dai babbar shari'a. Da can akwai S3, barci na gaskiya. Sabbin na'urori da yawa s2idle kaɗai suka iya, kamar yadda /sys/power/mem_sleep zai gaya maka ba kunya. Ka rufe murfi, ka jefa ta cikin jaka, ka isa ofis ka ciro ta da zafi kamar koko, batir ya ƙare tas. Wata kuma ta kwanta, tashi sai ka danne maɓallin wuta.

Linus Torvalds da kansa, uban kanel ɗin, haƙurinsa ya ƙare har ya ɗaga wa kamfanin Nvidia yatsa a bainar jama'a a 2012. Kai da ba ka kai nan ba, tsohon kanel ɗinka na nan a jerin GRUB, koma masa ka yi aikinka.