Yadda Za Ka Daidaita Sanda Ba Tare da Ka Sa wa Malaminka Hawan Jini Ba

Duk malamin fiziks da ya kwana kan tulin takardun jarrabawar gwaji a wannan zangon ya san ciwon da nake nufi, haka ma duk ɗalibin da ya zuba wa tambayar sanda da madogara ido har aka ce a ajiye biro. Ba zan gajiyar da ku da cewa ƙarfin da ke turawa sama sai ya yi daidai da mai ja ƙasa ba, ko juyin da ke bin hannun agogo sai ya yi daidai da mai saɓa masa. Kun haddace wannan kamar karatun allo. Abin da ke biyo bayan haddar shi ke hana ni barci.

Na farko, ku yi zane. Ko ya fi kowane zane muni, ku yi shi, ku sa kibiya a kan kowane ƙarfi.

Na biyu, daga madogara ake auna tazara. Yarana, don Allah ku tsaya a nan. An ba ku rula mai tsawon mita ɗaya, an ɗora ta a kan madogara daidai lamba 40, an rataya giram 50 a lamba 10, aka ce ku nemo nauyin rular. Sai yaro ya gyara zama, ya rubuta 50 sau 10. Daga ina? Wai ai 10 ya gani a jikin rula. Lambar jikin rula adireshi ce kawai, tana gaya maka inda abin yake rataye. Tsakanin 10 da 40 akwai santimita 30, ita ce tazararka. Na bi takarda bayan takarda, aji guda kamar an haɗa baki, har wanda ya zana kibiyoyinsa tsaf da jan biro ya zo nan ya faɗa rami. Arkimidis ya bayyana ƙa'idar nan a Sirakus fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ba shi da kalkuleta, ba shi da littafin tsofaffin tambayoyi. Bakaniken bakin titi ma ya san ta: in noti ya ƙi kwancewa, bututu yake zura wa sifana. Ƙarfin niyuton 200 a kan sifana mai santimita 25 yana ba da juyi 50, in hannun ya kai mita ɗaya ya koma 200, alhali mutumin bai ƙara ko loma ɗaya ta tuwo ba. Shi bai taɓa zama a ajina ba, ku kuwa kullum muna tare.

Na uku, rula ma tana da nauyi. In an ce ko'ina a jikinta kaurinsa ɗaya, to nauyinta yana tsakiya, a lamba 50, wato santimita 10 daga madogara. Saboda haka 50 sau 30 daidai yake da nauyin rula sau 10, amsa giram 150. Layi biyu kacal. Wata yarinya ta cika shafi guda ta samo giram 3, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. 'Yata, ɗauki rular ki ji ta a hannu mana!

Na huɗu, giram daban, niyuton daban, santimita kuma ba mita ba ce. Ku bar wannan, mu je ga tsani, don shi ne ke cin raina.

Tsani mai mita 5, nauyinsa niyuton 200, an jingina shi da bango mai santsi, gindinsa mita 3 daga bango, kansa mita 4 daga ƙasa. Na san za ku ce ba a taɓa gina bango mai irin wannan santsin ba. Gaskiyarku. Ma'anar kawai ita ce bangon yana ture tsanin a kwance, ba ya riƙe shi sama. Kai ke zaɓen inda za ka ɗauki juyi, ba wanda ya tilasta maka. Zaɓi gindin tsani: ƙarfi biyu da ba ka sani ba suna wurin, tazararsu sifiri, sun fita daga lissafi. Sauran nauyi, wanda layinsa ke mita 1.5 daga gindi, da turin bango, wanda layinsa ke mita 4 a sama. 200 sau 1.5, raba da 4, turin bango niyuton 75. Amma sai yaro ya ga 5 a cikin tambaya, ya ji tausayinta kada a bar ta ita kaɗai, ya cusa ta. Tazarar da ake so ita ce mafi gajarta daga madogara zuwa layin ƙarfin, wadda ta haɗu da shi a kusurwa 90. Tsawon tsani bai shiga ba.

Akwai sauran shawarwari, kan sayin da kosayin, kan igiya mai riƙe da allon shago, amma zuciyata ta tafi wani wuri. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne. Da yawansu ba su taɓa ɗora rula a kan madogara sun ga ta karkata ba sai ranar jarrabawar aiki ta WAEC ko NECO, hannu na rawa, mai sa ido na tsaye a kansu. Muna rubuta musu ƙa'ida a allo, su kwafa, mu wuce babi na gaba don manhaja na korar mu, ɗakin gwaji kuwa a kulle, ko a buɗe babu komai ciki. Ta yaya wanda bai taɓa jin sanda ta rinjaye shi ba zai gane cewa giram 3 ba amsa ba ce? Gwajin nan bai buƙatar lantarki, bai buƙatar sinadari. Rula ce, da zare, da ɗan katako mai kaifin baki, da 'yan duwatsun awo.

Malamai 'yan'uwana, ku shiga aji da rula da zare kafin ku ɗauki alli. Ku kuma yarana, yau da daddare ku samo sanda, ku ɗora ta a kan yatsa, ku rataya mata makulli a gefe ɗaya, ku matsa yatsan har ta tsaya. Sannan ku buɗe littafi.