Zuwa ga bawana na Gwiwa, mai renon mesa

Arɗo, bawan Barebari, ina gaisuwa, kodayake kai ya kamata ka zo ka durƙusa. Labari ya iso mini cewa ka sayi jaririyar mesa a hannun wani gardi, wai a duwatsun Roni aka samo ƙwan, kuma tun da ta shigo gidanka ta ƙi cin komai. An ce ka ajiye mata ƙwaryar kindirmo, ta kau da kai, ka dama fura, ta ƙi, sai ka ce wa uwargida ko sukari ne bai ji ba. Kai, Fulani! Duk abin da ke numfashi, a wurinku maraƙi ne.

To, buɗe kunne ubangidanka ya koyar da kai. Maciji ba ya shan nono, cikinsa ma ba ya narka shi. Kuma wannan 'yar da kake wa kuka ba yunwa take ji ba. Kafin ta fasa ƙwai ta shanye gwaiduwar ciki, da guzurinta ta fito. Ba za ta kalli abinci ba sai ta yi saɓar farko, wajen kwana 7 zuwa 14 da ƙyanƙyasa. In ka ga idonta ya yi hazo, ba kambun baka ba ne, saɓar ce ta matso. Kada ka kai wa malam ɗan akuya a banza.

Sannan ka daina fito da ita kana nuna wa baƙi. Ramin ɓuya take so, da duhu, da ɗan ruwa a kasko, da ɗumi wajen digiri 30, don maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa, in sanyin hunturu ya kama shi abinci ba ya narkewa. Abincinta ƙaramin ɓera ne, a miƙa mata da dare yana da ɗumi, saboda mesa tana da 'yan ramuka a leɓe da take gane zafin jikin abin farauta. Nan fa ake yin ta: jarumin da ya sha bulala a sharo yana murmushi, an ce ɓera ya sa shi hawa turmi.

Amma tsakani da Allah, ka tabbata mesa ce? Gardi ya ga Bafillace da kuɗin sa a aljihu, komai zai iya sayar masa. Ɗan kububuwa da dafinsa yake fitowa daga ƙwai, asibitin Kaltungo kuwa, inda suka ƙware a kan saran maciji, can jihar Gombe yake. Kai da ko Kazaure sai ka yi kwana biyu kana sallama da shanu.

In kuma mesar ce da gaske, ranar da ta fara ci ranar za ka fara kuka. Irin tamu ta duwatsu tana wuce mita 4, tana haɗiye akuya da ƙahonta. In ta gagare ka, aiko mana. Daura ga ta nan kusa da ku, je ka tambaya: Bayajidda da ya sare kan macijin rijiyar Kusugu daga Barno ya taho, surukinmu ne.

Kuɗin sharar bana ban gani ba. Turo awaki biyu, kafin 'yar gidanka ta riga ni.