Yadda Kurɓi Biyu na Gahawa Suka Mayar da Ni Bakanike

Mutanen Italiya a tsaye suke shan gahawa. Mutum zai shigo shago, ya jingina da kanta, a miƙo masa ɗan finjalin da abin cikinsa bai wuce mililita 25 zuwa 30 ba, ya juya sukari, ya kurɓa sau biyu, ya ajiye 'yan sulallansa ya kama gabansa. Esfireso ke nan. Ni ma haka na sha shi a wata tashar jirgin ƙasa a Milan, lokacin da wurin aikinmu ya tura mu kwas, kuma da na yi abin da 'yan gari suke yi, wato na sha na manta, da yau ina da kuɗi a asusu da kwarjini a gidana. Sai na dawo Kano da raini. Mai shayin bakin layinmu, wanda ya riƙe ni da gahawar gwangwani da madara tun ina gwauro, na koma ɗaga masa hannu daga nesa.

Injin esfireso na farko da na saya, a wurin masu gwanjo na same shi, cikin tarin dutsen guga da tukwanen lantarki da aka kwaso daga gidajen Turai. Yana ta ƙyalli duk da ƙura, a goshinsa an rubuta 15 BAR da manyan baƙaƙe. Na ɗaga shi da hannu ɗaya na ji shi sakayau. Mai kayan ya karanci fuskata, ya ce, "Alhaji, ai sabuwar fasaha ke nan. Nauyi na mutanen da ne." Na gyaɗa kai irin na wanda ya je Milan.

Bar ma'aunin matsi ne, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar biyu da 'yar ɗoriya. Sirrin esfireso kuwa bai wuce a tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin gahawa da aka danne ba. Injin da Luigi Bezzera ya yi wa rajista a Milan a 1901 da tururi yake tura ruwan, ƙarfinsa bai kai bar biyu ba, ga shi yana ƙona gahawar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Achille Gaggia ya zo da inji mai hannu da sifirin, a ja a saki, kuma daga nan ne aka fara ganin jar kumfar nan a saman finjali. A 1961 kamfanin Faema ya fito da E61 mai famfon lantarki da ke riƙe matsi a bar 9, har yau a kansa ake. Shi 15 ɗin nan iyakar abin da ɗan famfon zai iya kaiwa ne idan an toshe masa hanya ruf, masu talla ne kawai ke da amfani da shi. Ni dai na yi ta shaida wa 'yan majalisarmu cewa injina ya fi na shagunan Italiya da bar shida cur, su kuma suna cewa Allah ya sanya alheri.

A safiyar farko na gane ma'anar nauyi. Ludayin da ake cika wa gari sai an murɗa shi da ƙarfi kafin ya kama, to da na murɗa sai injin gaba ɗaya ya biyo hannuna, ya juya mini baya. Dole sai na rungume shi da hannun hagu, na tokare shi da ƙirji, sannan na murɗa da dama. A haka Maman Ummi ta shigo kicin ta same mu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Ummi, in fita ne ku gama gaisawa?" Na danna maɓalli don in nuna mata aiki, famfon ya kama ƙara kamar babur ɗin acaɓa da salansa ya fashe, finjalin ya fara tafiya da kansa a kan farantin har gahawar ta koma zuba a gefensa.

Amma fa akwai kumfa, mai kauri, kuma da ita na riƙa kare kaina. Sai wata rana Ummi tana wanke-wanke ta ɗaga ludayin sama tana leƙawa, ta ce, "Baba, abinka ya toshe, rami ɗaya ya rage." Ashe ba toshewa ba ce, haka aka ƙera shi. Kwandon da ke cikin ludayin hawa biyu ne, na sama ramuka birjik, na ƙasa rami ɗaya tal wanda ko allura sai ta yi dabara. Duk abin da ya matsu ta nan sai ya yi kumfa, ko garin ya shekara a buɗe. An yi shi ne don kada ran mai shi ya ɓaci, kuma a gaskiya nawa bai ɓaci ba sai da yarinyar nan ta yi magana.

Ba a jima ba mariƙin tururi ya karye a hannuna, ruwa kuma ya fara tsiyaya ta ƙasa. Na kai wa mai gyaran rediyo da dutsen guga na unguwarmu. Ya juya shi gaba da baya yana neman noti, babu. Da haƙoran roba aka maƙala jikin, ya sa sukundireba ya ɓanɓare, haƙoran suka zube a kan benci. A ciki akwai ɗan curin alminiyam mai hanyar ruwa, da siraran bututun roba, sauran duk iska. Ya kankare jikin da farce, azurfar ta biyo farcen. Fenti ne. Ya miƙo mini ya ce, "Yallaɓai, wanda ya ƙera wannan bai yi niyyar a sake ganin cikinsa ba."

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ji labarin wani injiniya ɗan Italiya da ya gama kwangila yana sayar da kayan gidansa.

A wurinsa na sayi inji na biyu. Wannan karon akwati ne mummuna mai kusurwa huɗu, ba ado ba rubutu, sai maɓallai uku masu ƙas-ƙas. Da hannu biyu da nishi na kai shi but ɗin mota. Jikinsa ƙarfe, tukunyar cikinsa tagulla, ludayinsa mai faɗin milimita 58 irin na injinan shago, shi kaɗai ya kusa rabin kilo. Masu wannan harka suna da injina biyu da suke rantsuwa da su, Gaggia Classic da ya fito a 1991 da Rancilio Silvia na 1997, don har gobe ana ƙera su kusan yadda suke, kuma kowane ƙarfe na cikinsu ana iya kwance shi a sayi wani. Nawa ba ɗayansu ba ne, ɗan dangi ne, amma tarbiyyarsu ɗaya: ka kwance 'yan notuna murfi ya tashi, komai na kallonka. Na kira mai gyaran rediyo musamman ya zo ya gani. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa tukunyar da bayan sukundireba, ya ce, "Wannan sai dai ya ga bayanmu." Na ɗauka yabo ne.

Filoginsa ƙafa uku ne a jere irin na Italiya, babu soket ɗin da ya karɓe shi a gidan, sai da aka yanke aka sa namu. Wannan mai sauƙi ne. Tagulla ba ta son gaggawa, sai an kunna an bar ta minti 20 ko fiye, ludayi da bakin injin su ɗau zafi, domin ruwan yana buƙatar ya sauka a kan garin yana tsakanin maki 90 da 96, ya kusa tafasa bai tafasa ba. Masu wuta kuma sai ka ce suna leƙena ta taga. Ina ɗora finjali za a ɗauke. Ƙaramin janaretonmu bai kai wat 1,000 ba, injin kuma ya haura haka, ina jona shi janareton ya yi tari ya mutu. Na gwada inbata, ta kama kuwwa da asuba, fankar ɗakin yara ta tsaya, gida ya tashi. Tun daga ranar aka kafa mini doka: ni da injina sai wutar gari.

Ranar da wuta ta zauna kuwa wata Juma'a ce. Na yi wanka, na sa farar shadda mai sitaci, na ce bari in kurɓa kafin in wuce masallaci. A bakin injin akwai wani zoben danƙo wanda ludayi ke matsewa a jikinsa, zafin shekaru ya busar da shi ya tsage ban sani ba. Bar 9 ɗin da na raina ya samu kafa. Baƙin ruwa ya yi feshi ta gefe, daga aljihun gaba har wuyan riga, da ɗigo uku a kan hula. Zoben nan kuɗinsa bai kai na wankin shaddar ba, amma babu shi a Sabon Gari, babu a Ƙofar Ruwa, sai da wani ɗan'uwa ya taho mini da shi daga Ingila. Kafin ya iso na koyi ciro tsohon da tsinken tsire, gutsure-gutsure, ina kwance rigingine a kan tayil da tocila a baki.

Ina cikin wannan na ga farin ɓawo ya lulluɓe cikin tukunyar. Ruwan burtsatsenmu ne, mai ɗauke da sinadarin farar ƙasa, zafi na sa shi ya daskare ya toshe 'yan hanyoyin. Aka jiƙa da ruwan tsami aka wanke. Yanzu injin ruwan gora yake sha, mu mutanen gida muna nan a kan burtsatse.

Da komai ya daidaita sai injin ya fara faɗa mini gaskiya, abin da na farkon bai taɓa yi ba. Kwandonsa ba shi da ramin yaudara. Na zuba garin da na saba saya, ruwa ya wuce fuu cikin 'yan daƙiƙu, salam, ga tsami. Ƙa'idar masu abin ita ce giram 18 na gari ya ba da giram 36 na gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, kuma hakan ba ya samuwa sai da sabon niƙa mai laushi daidai. Na sayi 'ya'yan gahawa masu tsada na aiki yaro wurin mai injin niƙa na bayan layi, da saƙon a yi laushi sosai. An yi laushi. Sai dai wadda ta riga mu a layi yaji ta kawo. Na kurɓa, barkono da citta da wani abu mai kama da daddawa suka gaishe ni a maƙogwaro, na yi ta atishawa Maman Ummi na jera mini sannu tana riƙe da ciki. Ƙarshenta na sayi injin niƙa na hannu wanda kuɗinsa ya kusa na akwatin kansa, da ɗan sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram. Ta gan ni ina cire ƙwaya ɗaya ina mayarwa, ta ce, "Ko kasuwar gwal za a koma ne ba mu da labari?"

Amma ranar da ya fito daidai, ya fito. Ya zubo a hankali, siriri, mai duhu, da kumfarsa ta halal. A ranar surukina ya zo duba jikoki, na ce Allah ne ya kawo shaida. Na durƙusa na miƙa masa finjali a kan faranti. Ya leƙa ciki, ya dube ni, ya yi bisimilla ya shanye a kurɓi ɗaya. Ya runtse ido ya daɗe. Sannan ya ce, "Madalla. Maganin mene ne?" Na ce, "Baba, gahawa ce, irin ta Italiya." Ya ce shi ya sha gahawa a Makka mai ƙamshi da dabino a gefe, ya sha ta Sudan mai citta, duk ba wadda ta yi masa faɗa. Ya juya wajen 'yarsa ya ce a taimaka masa da shayi ya wanke baki.

Na buga wa injiniyan waya in ji yadda shi ya yi fama. Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi ma kyauta aka ba shi, bai fi a ƙirga ranakun da ya kunna ba. A garinsu, in ji shi, injin esfireso na shago ne, mai shago ke wahalarsa. A gida galibi 'yar butar alminiyam mai kusurwa takwas suke ɗorawa a kan murhu, moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933. Ba famfo, ba filogi, ko a kan risho za ta yi. Na yi masa godiya cikin muryar da ba tawa ba.

Kwanan baya na fito da akwatin tsakar gida ina wanke masa ciki, sai ga wani yaro ɗan bola-jari ya leƙo da buhunsa, an kira shi ya kwashe tsofaffin gwangwanaye. Ya ga injin farko a bayan ƙofa, ya taɓa shi da ƙafa, ya ce wannan ko kyauta ba ya so. Da idonsa ya faɗa kan na biyun sai ya ajiye buhu ya tsuguna. Ya ɗaga ludayin ya jinjina a tafin hannu, ya kankari gefen tukunyar ya ga ja-ja-rawaya, ya girgiza kai. "Alhaji, wannan tagulla ce ta gaske. Yanzu ba a yin irinta." Tun da na shiga harkar nan ban taɓa samun wanda ya fahimce ni haka ba. Na fara ba shi tarihin 1961, ya saurara da ladabi, sannan ya zaro sikelinsa mai ƙugiya ya faɗi abin da zai biya a kan kowane kilo. Na ce ba na sayarwa ba ne, ya ce ba komai, Allah ya kai mu lokacin. Yana fita na jiyo Maman Ummi a soro tana ce masa ya maimaita lambar wayar a hankali.