Taubashi, Wa Ya Naɗa Ka Waliyyin Jibiya?

Ɗan Gwaggo, bawan gidanmu, ina gaisuwa irin ta ubangida, wadda ake yi daga zaune. Labari ya iske ni cewa ka sake fentin shagonka na Magama, ka rubuta sunanka da manyan baƙaƙe, har da "darakta" a gabansa. Madalla. Mu da muka san ka tun kana riƙe wa masu hoto fitila ana sallamarka da tuwon biki, ba mu da niyyar tona maka asiri sai in an tambaye mu. Yau babu wanda ya tambaye ni, amma shafin nawa ne.

Ƙararka na kawo gaban jama'a, kuma laifin babba ne: ka ƙwace biki daga hannun masu shi. A da kowa ya san shugabannin aure. Waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sadaki, a raba goro da alawa, a shafa a watse. Cikin gida kuma gwaggwanni ke da ta cewa, su suka san lokacin kamu da na sa lalle da na fitar da amarya. Duk suna nan har yanzu, sai dai kowa bakinka yake kallo. Da idona na ga ka tsayar da dattijo mai furfura, wanda ko a gaban hakimi ba ya maimaita magana, ka ce ya sake miƙa sadakin wai "hasken bai zauna ba". Ya kuwa sake. Sadaki ɗaya, miƙawa biyu. Da akwai mai bin diddigi cikin malaman da ke wurin, da ya tambaya ko 'yan matan biyu ne.

Amarya ma ba ta tsira ba. Kukan barin gida, wanda kakanninmu suka bar mana kyauta, yanzu sai da izininka. Mai kwalliya ta karɓi kuɗi masu nauyi, saboda haka kai ke tsaye kana ba da umarni: ki sunkuyar da kai, ki ɗago kaɗan, ki yi kukan a hankali kada hodar ta zube. Uwar yarinya na gefe tana sharar hawaye na gaske, ka juya mata baya domin zaninta bai dace da ankon ba.

Na san amsarka tun kafin ka buɗe baki, domin ita kake ba ni tun muna yara: wai ku mutanen Maradi ku ne Katsinawan asali, mu 'yan tsaron gida ne. Ban musa tarihi ba. Da jihadi ya ci Birnin Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaje ya zauna, sarautar Haɓe ta yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maradi, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinku. To amma wanda ya fita da gudu da wanda ya zauna, wa ya fi sanin inda aka ajiye makullin? Bar wannan. Abin da ya shafe ka shi ne layin da Ingila da Faransa suka ja a yarjejeniyoyinsu na 1904 da 1906, suka raba ɗaki ɗaya gida biyu, kawu a Jibiya, gwaggo a Ɗan Isa ko Madarumfa. Turawan nan ba su san suna buɗe maka kasuwa ba. Aure ɗaya, a ɗaura shi da hantsi a wannan ƙasa, a kai amarya da la'asar a waccan, kai kuma kana tsakiya a bayan ɗan kabu-kabu, jakar kyamara a ƙirji, layin waya biyu a aljihu, lissafi iri biyu a ka.

Lissafin nan shi ne inda halinka ya fito fili. Shekarun da naira ke da ƙarfi, ko kallon sefa ba ka yi, kana ce mata kuɗin sayen ƙuli. Da abubuwa suka juya, a 2024 jaka ɗaya ta sefa ta haura naira dubu biyu, sai ga ka ka tuna da ƙasar haihuwa. Yanzu in uban amarya ya zo ba da kafin alƙalami, tambayarka ta farko ita ce daga wane ɓangare dangin ango suke. A filin liƙi ma kyamararka ta koyi canji: alhajin Maradi ya ciro sefa, ka bi shi tun daga hula har takalmi, ka rage gudun hoton don a ga kowace takarda tana sauka, malamin makarantar firamare ya zo da 'yan ɗari bibbiyunsa, sai gefen kunnensa kawai ya fito.

Kuma bari in ja kunnenka, tunda ba ka karanta komai sai saƙon shigowar kuɗi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Dokar ta daɗe tana barci, amma tun 2024 hukumar EFCC ta tashe ta, an gurfanar da mutane, an yanke wa wasu hukunci. Mece ce hujjar da ake kai wa kotu? Bidiyon biki. Wato mutum ya biya ka da kuɗinsa, ya ciyar da kai shinkafa da kaza, kai kuma ka haɗa masa shaidar da za a ɗaure shi da ita, har da kiɗa a ƙasa. Mutanenka masu sefa dokar ba ta ambace su ba, shi ya sa na fara zargin da gangan kake yi.

Amma sunan da ya fi dacewa da kai ba darakta ba ne, ɗan fasa-ƙwauri ne, kuma a nan dole in sassauta murya kaɗan, ko da yake ba don kai ba. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki. Aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, mu Jibiya aka bar mu sai Afrilun 2022. A tsakanin nan aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, janaretanka ya koma shan na 'yan bumburutu. A Satumbar 2021 kuma, saboda 'yan bindiga, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da tamu, mutane suka koma neman sabis ɗin Nijar a kan tudu. Ba mu gama miƙe ƙafa ba sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake garƙame iyakar Magama har Maris na 2024. Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ka kwaso baturanka ka taho caji wurinmu, ka tarar mu ma a duhu muke. Ban taɓa jin daɗin rashin wuta irin na ranar ba.

To a duk tsawon wannan lokaci ba a daina aure ba. Wanda ke da ƙarfin ƙafa ya bi ta gona, ya biya ɗan babur ninkin kuɗi, ya sha ƙura ya isa. Tsofaffi fa? Gwaggo, da ciwon gwiwarta, ba ta iya hawa babur ta ratsa daji don ta ga an kai jikar ɗan'uwanta ɗaki. Kai ne ka riƙa tsallakar mata da bikin. Wasu na fiton buhun shinkafa, wasu jarkar mai, kai kuwa kayanka ɗan memori ne da bai kai farce ba, a soke cikin naɗin hula. Masu kaki a shinge su zazzage jakarka, su jujjuya kyamara, su leƙa cikin murfin batir, alhali dukan taron, da liman da maroƙi da amarya da kukanta, suna bisa kanka. An ce in ka isa, tsofaffin unguwa kan taru a tsakar gida, a jingina waya da kwano, su riƙa tsayar da kai: koma baya, wancan ba ɗan wance ba ne? Ashe ya yi furfura! Wance ba ta zo ba, ko lafiya? Da haka suka riƙa sanin wanda ya rame da wanda ya yi ƙiba da wanda babu shi a sahu. Wannan aiki ne, na yarda. Sai dai kada kanka ya kumbura, jaki ma yana kai kaya Maradi.

Kuma wannan ne ya sa nake jin haushin abin da kake yi wa faifan biki yanzu. Sana'arku ta girmi Kannywood. Tun kafin 'yan Tumbin Giwa su fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, masu kyamarar kaset ke bin bukukuwa da naɗin sarauta. Kaset ɗin wancan zamani awa uku ne cur, babu gyara babu ado. Ana ganin masu cin tuwo, da yaron da ke kuka, da akuyar da ta ratsa taro, da tsohuwar da ta tsaya tana kallon kyamara ba ta san abin da ake so ta yi ba. Yau in aka samu wanda ya juye irinsa a waya, ba amarya ake nema a ciki ba, waɗancan tsofaffin ake nema, domin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kai kuwa da ka samu kwamfuta sai ka zama mai tankaɗe. Duk wanda bai sa anko ba ka cire shi. Addu'ar liman ka danne ta da waƙar soyayya. Ɗaurin auren kansa, wanda shi ne dalilin taruwar, ka ba shi daƙiƙa ashirin, ka ba takalmin ango minti biyu. Fuskar amarya kuma ka wanke ta da na'ura har ta yi fari fat, dangin miji suka ga hoton a Maradi, da aka kawo ta suka tsaya suna leƙen bayan mota ko ta gasken na tafe.

Ga jinkiri. "Ana editin" ita ce kalmar da ta fi yawa a bakinka bayan salati. Ka karɓi ciko tun ranar buɗar kai, faifai kuwa sai ranar suna, ka zo da shi a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kyamarar ɗaukar sunan. Akwai auren da ya mutu, aka yi idda, aka sake wani, kai kana nan kana zaɓar waƙar da za ta dace da shigowar ango na farko.

Sai jirgin nan naka marar matuƙi, da kake sakin sa bisa taro yana shawagi kamar shirwa ta hango 'yan tsaki. Taubashi, a Jibiya fa kake. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ce ba a tashin irinsa sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kai ko takardar haihuwarka ba ka san inda take ba, amma ka zaɓi bakin iyaka, garin da sojoji ke sintiri dare da rana, ka ce nan za ka gwada fasaha. Ranar da aka harbo shi, kada ka aiko a kira ni beli; ka nemi Katsinawan asali.

Magana ɗaya kuma ba ta wasa ba ce, ko da yake da bakin wasa zan faɗe ta. An bar ka ka shiga cikin gida, wurin da ko ƙanin miji sai ya yi sallama sau uku, domin an ɗauke ka ɗan gida. Matan aure sun saki jiki sun yi rawa a tsakaninsu. Kashegari sai ga su a TikTok, da lambar wayarka a ƙasa, kana tallar shago da su. Wa ka tambaya? Irin wannan ne ke jawo wa sana'arku baƙin jini, har hukumomi su sa baki. Ka ga yadda hukumar tace finafinai ta Kano ta hana bikin ranar ƙauyawa a 2025. Ka koya wa ƙanwarka riƙe kyamara ta riƙa shiga wurin mata, kai ka tsaya waje wurin goro, inda dama can ya fi dacewa da kai.

Na ji kana cika baki cewa in layin dogon Kano zuwa Maradi ya kammala, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma ta Jibiya zai bi, za ka riƙa ɗaukar biki uku a rana, ɗaya a Daura, ɗaya a nan, ɗaya can gida. Allah ya nuna mana. Mutumin da bai gama faifan bara ba, jirgin ƙasa zai ƙara masa bashi ne kawai.

Yanzu ga dalilin takardar. Bayan babbar salla za a ɗaura auren ɗiyarka, ta wajena, kuma angon ɗan Ɗan Isa ne, ka ga ƙaddara ta sake haɗa mu da ku. Kai za ka ɗauka. Sadaki sau ɗaya za a miƙa, in hasken bai zauna ba kai ka tashi ka gyara. Addu'ar liman a bar ta da muryarsa. Kowace tsohuwa ta fito, da anko ko babu, Gwaggo kuma ka ba ta minti biyar ita kaɗai, ko da goro take tauna. Yarinya ta fito da kalar da Allah ya yi ta. Jirginka ya kwana a shago. Faifai ya iso kafin a kai gara. Batun lada kuwa, bawa ba ya yi wa ubangidansa ciniki: ka jira watan Cika-ciki in haɗa maka da kuɗin shara, kuma da naira zan biya.